Tambaya: ƙaramin gini daga tatsuniyoyin Finland, ta ina ake farawa?

Ɗalibar_Zane: Assalamu alaikum. An ba ajinmu aikin zana 'yar bukkar katako a dajin Finland, wadda za ta samo asali daga tatsuniyoyinsu. Yaya za a yi labarin ya shiga jikin ginin, ba ado kawai ba?

Malam_Magini: Wa'alaikumussalam. Kowa Kalevala yake rugawa, waƙoƙin da Elias Lönnrot ya tattara ya buga a 1835, sai mutum ya ce zai gina Sampo, abin nan da maƙeri Ilmarinen ya ƙera mai fitar da gari da gishiri da dukiya. Matsalar ita ce babu wanda ya san kamanninsa, sai a ƙare da gunki. 'Yata, ki kama abin da ke da aiki. Misali saunatonttu, ɗan aljanin da suka ce yana zaune a ɗakin wankan turiri, bayan murhu. Ki fara da murhun, ki bar masa ɗan lungu, ƙofa ta yi ƙasa har mai shiga ya sunkuya.

Injiniya_Katako: Idan da gungume za ki gina, ɗanye idan yana bushewa yakan sauka kusan santimita 3 zuwa 5 a kowace mita ta tsayin bango. Ki bar rata a saman ƙofa da taga, in ba haka ba bango ya danne firam, ƙofa ta cije. Tsakanin gungume gansakuka ake cusawa. Ki ɗaga ginin aƙalla santimita 30 bisa duwatsu, kamar rumbu, don damshi daga ƙasa yake cin itace. Dusar ƙanƙara kuma sai a lissafa mata nauyin kilo 200 zuwa 350 a murabba'in mita, gwargwadon yanki.

Maman_Hanif: Ki duba cocin katako na garin Kärsämäki a Finland da aka gama a 2004. Anssi Lassila ya ci gasar zanensa yana ɗalibi a Jami'ar Oulu. An lulluɓe shi da ɓantarorin itacen aspen da aka sassaƙa da hannu, aka tsoma a kwaltar itacen fain. Kwaltar ana ɗumama ta kafin a shafa, kuma siririya. In ta yi kauri ba ta shiga itace, rana na dukanta za ta narke ta zubo. Gefen kudu ne yake fara ƙoƙewa.

Ɗalibar_Zane: Na gode ƙwarai. Na ajiye Sampo, gobe zan auna murhu.