Ɗan tafki a bayan gida: wa ya taɓa gwadawa?

Assalamu alaikum. Ina da ɗan fili a bayan gida nan Ƙofar Ƙaura, na shuka zogale da lalle. Da bazarar bana, cikin Afrilu, na ga kurciya ta sauko bakin makwarara, baki a buɗe don ƙishi, tana tsotsar ɗigon ruwan alwala. Abin ya tsaya mini a rai. Ina so in haƙa ɗan tafki saboda tsuntsaye, amma uwargida ta ce sauro zan tara mana. Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Daga Daura: Malam, Hajiya ba ta yi ƙarya ba. Ni da tsohon baho na fara, na binne shi daidai da ƙasa. Kafin mako ya zagayo ruwan ya cika da 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, domin in da zafi, kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwai ya zama sauro mai tashi. Da na zuba ƙananan karfasa guda huɗu sai suka share su tas. Kada dai ka sa tarwaɗa. Na gwada, ta cinye 'ya'yan kwaɗi, ta dama ruwan ya koma kamar kunu.

Daga Ƙofar Marusa: Ni kuskurena gefen ramin. Na yi shi a tsaye da siminti kamar rijiya. Wata safiya na tarar da bushiya ta faɗa ciki ta mutu, ta kasa fita. Wallahi ranar ko karin kumallo ban iya yi ba. Na sa aka fasa gefe ɗaya, aka kwantar da shi, na jera duwatsu da tsakuwa har cikin ruwa. Yanzu nan ƙudan zuma ke sauka su sha, 'yar tsuntsuwar nan baiwar Allah kuma tana wanka a inda ruwan bai wuce tsawon yatsa ba. Bayan saukar damina har ƙwaron nan mazari ya zo, ja da shuɗi.

Wata uwa daga Sabuwar Unguwa: Yaya, in akwai mai rarrafe a gidan, ka kewaye tafkin da waya tun kafin ka zuba ruwa. Ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaro. Kuma inda kwaɗi suka taru maciji na iya biyo su, don haka ni ba na barin ciyawa ta yi duhu a wurin.

Na Daura ya ƙara: Na manta, kada ka haƙa a gindin darbejiya, ganyen na zuba ya ruɓe. In ka sa kainuwa, sai kana tsame ta, in ba haka ba ta rufe ko'ina. Da bazara nakan ƙara jarka ɗaya duk bayan kwana biyu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Wayar zan fara saye, autarmu ba ta cika shekara biyu ba.