Wane edita manhaja za ta buɗe wa mai kwamfuta? Gogewar 'yan uwa a Accra da Kumasi

Mai buɗe zance, daga Nima:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na rubuta wata ƙaramar manhaja da makarantar Islamiyyar unguwarmu ke ajiye sunayen ɗalibai a ciki, na sa mata maɓallin da ke buɗe fayil ɗin saituna a editan rubutu. Kuskurena shi ne na ɗaure maɓallin da editan da ke kan kwamfutata, da aka kai ta kwamfutar shugaban makaranta kuwa, wadda ba ta da wannan editan, sai aka yi ta danna maɓallin babu abin da ya motsa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya faɗa mana yadda ya yi.

Daga Aboabo, Kumasi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ba na rubuta manhaja, aikina buga takardu ne, amma irin wannan ɗaurin ya taɓa cinye mini aikin kwana biyu. Wata tsohuwar manhajar lissafi da muke amfani da ita a shago ba ta buɗe bayanan kwastomomi sai a editan da maƙeranta suka zaɓa, shi kuma ba ya adana rubutu a tsarin UTF-8, tsarin da ke iya riƙe haruffan harsuna daban-daban. Na shigar da sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ, da na makwabtanmu Asante masu ɛ da ɔ, har da alamar sidi ta ₵, na adana, washegari na tarar duk sun koma alamar tambaya. Na sa Notepad++, na je "Open with" na mai da shi editana na dindindin, amma manhajar ba ta ko kula da zaɓin da na yi ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, domin kwamfutar ta riga ta san abin da nake so, manhajar ce ta ƙi tambayarta.

Ɗalibi a jami'ar KNUST, Kumasi:
Hajiya ta taɓo inda matsalar take. Malam, ka duba yadda Git, manhajar da masu rubuta manhaja ke adana tarihin gyare-gyarensu da ita, ke zaɓar edita, domin a ganina ya kamata a yi koyi da shi: yana duba saitunan da mutum zai iya rubuta sunan editansa a ciki ɗaya bayan ɗaya, ya fara da GIT_EDITOR, sannan core.editor, sannan VISUAL, sannan EDITOR, sai idan duk babu ne yake komawa ga editan vi. Akwai kuma batun jira. Git yana buɗe edita ne don mutum ya rubuta saƙon bayanin gyaran da ya yi. Ranar da na fara haɗa shi da editan VS Code na rubuta umarnin `code` kawai, sai editan ya buɗe ya sake Git nan take, Git ya ga saƙon babu komai a ciki ya fasa aikin. Da na mai da shi `code --wait` ya riƙa tsayawa har in rufe fayil ɗin. Idan manhajarka za ta sake karanta saitunan bayan gyara, dole ta san lokacin da mutum ya gama.

Daga Madina:
Ƙari kaɗan a kan na ƙanenmu. A Linux akwai xdg-open, a macOS akwai `open -t`, a Windows kuma ShellExecute, kowannensu hanya ce da manhaja za ta buɗe fayil da ita bisa zaɓin mai kwamfuta. Idan kuma za ka bar mutum ya rubuta wurin da editansa yake, ka tuna akwai tazara a cikin sunan "Program Files", ni ta taɓa raba mini umarni gida biyu har sai da na kewaye shi da alamar zance.

Mai buɗe zance:
Allah ya saka muku da alheri. Na cire ɗaurin, na sa gurbi a saituna inda mutum zai zaɓi editansa, idan ya bar shi babu komai sai manhajar ta bi zaɓin kwamfutar. Hajiya, in kin yarda zan turo miki ita ki jarraba da sunaye masu ƙ da ɛ kafin in mayar wa makaranta ranar Asabar.