Motar da ta wuce: abin da majalisarmu ta Wunti ta ce

Jiya hira ta koma kan motocin da suka kuɓuce mana. Wani har yanzu yana cizon yatsa kan Corolla 'yar Kwatano da ya tsaya neman ragi a 2022. Da aka saki naira a Yunin 2023, kuɗinsa ya daina kai ta.

Dattawa suka ce idan takardun kwastan sun cika, makanikenka ya saurari inji ya duba giya, to biya kawai, jinkiri ya fi ciniki tsada. Ni dai wannan na ɗauka.

Wani direba kuwa ya ce kafin ka yi kuka, lissafa man da za ta sha tunda aka cire tallafi. Masu begen Peugeot 504 ta Kaduna, aka ce su fara tambayar kayan gyara.