Mesata ta yi mako 6 ba ta yi kashi ba

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina Aboabo a Kumasi, ina kiwon ƙaramar mesa, irin mai dunƙulewa in ta tsorata. Ɓeraye 3 ta haɗiye, shiru. Kusa da wutsiyarta ya kumbura, in na shafa sai in ji tauri kamar tsakuwa. Kullum ina jiƙa ta a ruwan ɗumi minti 20, farin fitsari daskararre kawai ta fitar. Ko hunturu ne ya busar da akwatin, ko ta haɗiye garin katakon da na shimfiɗa mata? Hajiyarmu ta ce in ɗura mata man ja, ni kuwa ina tsoron ta shaƙe. Don Allah, wane likitan dabbobi ne ke duba macizai a nan Kumasi, ya yi mata hoton ciki?