Mr. Bean: Richard Curtis ya yi aiki ko ya ci albarkacin aboki?

Bashir: Jama'a, ana ta cewa Richard Curtis, marubucin fina-finai na Birtaniya, yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro Mr. Bean, ni kuwa ban yarda ba. Mutumin da ko magana ba ya yi, me marubuci zai rubuta masa? Fuskar Rowan Atkinson mai fitowa a Bean ce da motsin jikinsa kawai. Curtis albarkacin abota ya ci, tun suna jami'ar Oxford tare.

Malam Nura: Bashir ƙanena, ka tuna kashin farko da tashar ITV ta nuna ranar 1 ga Janairun 1990, wanda Bean ya shiga jarrabawar lissafi? Ya karanta fanni guda, ya buɗe ambulan ya ga tambayoyin wani fannin daban. Ya yi ta leƙen takardar na kusa da shi, ya sha wahala iya wahala. Sai ana saura minti biyu a tashi mai sa ido ya yi sanarwa, ashe takardu biyu ne a ambulan ɗin, har da ta abin da ya karanta. Wa ya ɓoye takarda ta biyun nan sai ƙarshe? Zama aka yi aka tsara. Ban ce shi kaɗai ba ne, Atkinson kansa da Robin Driscoll sun yi rubutu a shirin, amma hannun Curtis na ciki.

Bashir: Na ji, Malam. To a ba wani ɗan wasan wannan rubutun mu gani ko za a yi dariya.

Hajiya Rabi: Nan kam kana da gaskiya. Amma duba abin da ya yi a wajen Bean. Curtis ne ya rubuta fim ɗin Four Weddings and a Funeral na 1994, har rubutun ya shiga takarar Oscar, kuma a nan duniya ta san ɗan wasa Hugh Grant. Ga Notting Hill na 1999, ga Love Actually na 2003 wanda ya rubuta kuma ya ba da umarni.

Bashir: Hajiya, ko a na 1994 ɗin ai Atkinson ne ya fito a limamin coci mai tuntuɓen harshe.

Hajiya Rabi: 'Yan mintuna ya yi, Bashir. Kuma tuntuɓen harshen nan wa ya rubuta?

Aminu: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Notting Hill unguwa ce a Landan mai tarihin baƙar fata 'yan Karebiyan, duk watan Agusta suna gagarumin biki a titunanta. Curtis ya yi fim da sunan unguwar, da ƙyar ka ga baƙin mutum a ciki. Shi da bakinsa ya amsa wannan kuskure a 2023.

Malam Nura: Haka ne, Aminu. Sai dai kar a manta shi da ɗan wasan barkwanci Lenny Henry suka kafa ƙungiyar agaji ta Comic Relief a 1985, lokacin yunwar Habasha.

Aminu: Ban manta ba, Malam. Ƙungiyar ma ta sha suka kan tura taurari suna ɗaukar hoto da yaran Afirka marasa lafiya, har a 2020 ta ce ta daina. Taimakon na gaske ne, amma bai wanke fim ɗin ba.

Bashir: Maganar ambulan ɗin nan ta tsaya mini a rai, Malam. Na janye batun cin albarkaci. Amma in za a raba yabon Bean gida goma, bakwai na Atkinson ne.

Hajiya Rabi: Ni shida zan ba shi.