Tambaya kan abinci mai harza ga mai gyambon babban hanji

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitoci da masana abinci a kan mahaifiyata, wadda awon hanji da na'urar hange ya tabbatar tana da ciwon kumburi da gyambon babban hanji, ba olsar ciki da aka saba ji ba. Tana shan maganin rage kumburin hanji mai suna mesalazine kullum, kuma a yanzu zawon jini da murɗar ciki sun lafa.

Lokacin da ciwon ya tashi, likita ya hana ta wake, ɗanyen ganye da duk abin da ke da dusa, wanda hakan ya dace, domin harza mai kaushi tana ƙara wa hanji mai rauni wahala (harza ita ce ɓangaren abincin tsiro da ciki ba ya narkarwa). Sai dai na fahimci cewa ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cikin babban hanji da harza suke rayuwa, suna sarrafa ta su fitar da sinadarin da ke ciyar da bangon hanjin. Ita kuwa Hajiya tsoro ya kama ta, ta tsaya a kan farar shinkafa da koko tatacce, ko kwaɗon zogale aka ajiye a gabanta sai ta ture kwanon, har bayan gida ya fara yi mata tauri.

Shin da wane abinci ya kamata a fara? Na ji ana cewa harza mai narkewa a ruwa, irin ta kuɓewa, nunanniyar ayaba da dafaffen dankalin Hausa da aka ɓare, ta fi sauƙi. Alalen da aka surfe wakensa yana cikin wannan rukuni? Kuma wace alama ce za ta nuna mana kumburin ciki ne na sabon abinci kawai, ba ciwon ne ke dawowa ba?