Neman kalma: me za a kira tafiyar da inji ke yi ba ya huda komai?

Malamin Bita: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis ina da darasi da yara masu koyon injin huda ƙarfe na CNC, wato mai aiki da umarnin kwamfuta, kuma da Hausa zan yi, don yawancinsu daga wajen masu walda suka zo. Kalmomi biyu sun gagare ni. Ta farko "rapid traverse", wato lokacin da kan inji ya ɗago daga rami ya ruga zuwa na gaba, ba ya cin ƙarfe. G00 ke nan a umarnin inji. Ta biyu "toolpath optimization", tsara ramin da za a fara da wanda zai biyo baya, don kada inji ya yi ta kai-komo a kan faranti. A taimaka kafin daren Laraba, zan kai takardu bugu.

Ɗan Panteka: Wa'alaikumus salam Malam. Ta farko gantali. Ta biyu hana gantali. Shi ke nan.

Injiniya Mace: A'a ƙanena. Mai gantali bai san inda za shi ba, inji kuwa ya sani. Kuma tafiyar dole ce, ba ramin da zai taso ya zo wurin diril. Abin da ake ragewa shi ne wadda ta wuce buƙata. In ka ce wa yaro banza ce ko gantali, zai nemi ya kashe ta gaba ɗaya. Na taɓa gani da idona: wani almajirinmu ya sa G99 don diril ya riƙa ɗagowa kaɗan kawai tsakanin rami da rami, ya manta akwai maƙalin da ya danne farantin a tsakiya. Ji kake ƙas! Diril mai milimita 8 ya rabu biyu, farantin ya samu tabo. Da G98 ya sa a wannan wurin, da kan ya koma can sama ya tsallake lafiya.

Tsohon Direba: Mu in mun sauke kaya a Legas muka juyo ba lodi, cewa muke mun dawo emti. Mota na shan mai, ba ta kawo ko sisi. Ba shi ne wannan ba?

Baba Mai Ƙamus: Emti kuma? Allah ya sawwaƙe. Fanko ta mutu ne? Tun daga saman zancen nan nake haɗiyar takaici: diril, CNC, emti. Muna da barima, abin da ake murzawa ya huda. Ni tuntuni na ƙirƙiro "tsallake-huji" saboda irin wannan, kuma ita ce daidai.

Injiniya Mace: Allah ya ja kwana Baba, amma yau in ka ce barima, 'yan kunne za a miƙo maka.

Ɗan Maraɗi: Kuma barimar nan daga Larabci ta shigo. Don me aron Larabci ya zama ado, na Turanci ya zama abin kunya? Mu nan da Faransanci aka koya mana aikin, G00 ɗin dai ita ce G00, ba ta sauya ba don an ƙetare iyaka.

Baba Mai Ƙamus: Yaro, kalmar da ta yi ɗaruruwan shekaru a bakin kakanninka ba baƙuwa ba ce. Ku ne kuke jin in ba ku yi Turanci a gaban inji ba za a ce ba ku iya ba. Tsallake-huji.

Ɗan Panteka: Baba ai "inji" ɗin da ka faɗa ma Turanci ce.

Malamin Bita: Don Allah a bar Baba ya huta, lokaci na tafiya. Tsallake-huji tana da daɗi a baki, sai dai yaro zai ɗauka an tsallake wani rami ba a huda shi ba, wanda kuskure ne babba a wurinmu. Fanko kam ta shige ni. To ta biyun fa?

Injiniya Mace: Ita ce mai wuyar. A lissafi tsohuwar matsala ce, ta ɗan kasuwar da zai zaga garuruwa ya taka kowanne sau ɗaya ya dawo gida ta hanya mafi gajarta. Ni "matsalar ɗan koli" nake ce mata. Ramuka 10 kacal suna da zagaye 181,440 da za a iya bi. A 1954 masana lissafi uku a Amurka, Dantzig da Fulkerson da Johnson, sun warware ta garuruwa 49, aka yi ta mamaki. Allon lantarki guda kuwa, irin na cikin rediyo ko kwamfuta, yana iya ɗaukar dubban ramuka, shi ya sa a Jamus wasu masana lissafi, su Grötschel, suka yi aiki a kan injinan huda irin wannan allo wajen 1991. Kuma ba gajartar hanya kaɗai ba ce. Sauya diril na cin lokaci, don haka a kan gama duk ramukan da bakinsu ɗaya kafin a ɗauko wani, ko da hanyar ta ɗan ƙara tsawo. Dabarar "je ka mafi kusa" ma tana yaudara: sai ka bar rami ɗaya a can lungu, a ƙarshe ka ratsa faranti duka don shi. Saboda haka "gajarta hanya" ba ta ɗauke ma'anar ba.

Tsohon Direba: To tsimin tafiya.

Ɗan Panteka: Baba direba, ka ce tsimi a gaban samari 'yan shekara 18? Ajin ya watse da dariya ke nan.

Ɗan Maraɗi: Tattalin tafiya. Mai tattali ba ya ƙin kashewa, inda ya dace yake kashewa.

Injiniya Mace: Wannan ta fi. Ko da yake lokaci ake tattalawa, ba tafiyar ba, amma a baki za ta zauna.

Baba Mai Ƙamus: Tattali Hausa ce, ba ni da ja. Fanko ma ni na kawo ta, a rubuta. Amma ban janye tsallake-huji ba, kuma diril ɗin nan ba zan taɓa yarda da shi ba.

Malamin Bita: Na gode ƙwarai. Zan sa "tafiyar fanko" da "tattalin tafiya". G00 da G98 da G99 za su zauna yadda suke, don su ne yaro zai gani a fuskar inji. Diril kuwa, Baba ka yi haƙuri, shi ake tambaya a shago.

Ɗan Panteka: Malam ka gwada gantali a aji ko sau ɗaya, mu ga wadda za su riƙe zuwa Juma'a.